Yadda ake amfani da rezin wajen gyara ruwan da ba ya kumfa

Kun yi ta tambaya kan ruwan rijiyar da ke cinye sabulu, ya bar farin tabo a kofuna. Ga yadda nake yi:

1. Sayi rezin mai sodiyam. Ƙwayoyi ne kamar ƙwan kifi, masu kama kalsiyam, wato sinadarin da ke hana ruwa kumfa, su saki sinadarin sodiyam a madadinsa.
2. Huda gindin bokiti.
3. Shimfiɗa ƙyalle, ka zuba rezin a kai.
4. Tace ruwan tukuna, laka na toshe ƙwayoyin.
5. Tsiyaya ruwan a kan rezin a hankali. Hattara, nan ake kuskure: in ka yi gaggawa, kalsiyam zai wuce bai maƙale ba.
6. In kumfa ta ragu, jiƙa rezin minti 30 a ruwan gishiri, giram 100 a kowace lita.
7. Ɗauraye har gishirin ya fita. Kada ka bari rezin ya bushe.