Kurakuran da muke yi idan yaro ya ce "me ya sa?"

A garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, yaro tun yana goye yake ganin kogin Nilu. Watan Agusta ya cika ya yi jajir da laka, da rani ya janye ya washe. Rannan 'yar ƙanwata mai shekara huɗu ta ce, "Iya, wa ya zuba ƙasa a ruwa?" Kakar ta ce ikon Allah ne, zance ya mutu. Ba ƙarya ta faɗa ba, amma ta toshe wa yarinya hanya, kuma a nan muka fi yin kuskure. Wanda ya yi abin ai ya sa masa sababi: damina ce ke sauka a tsaunukan Habasha, ta wanko ƙasa ta biyo ta nan kafin ta isa madatsar Sinnar.

Kada kuma ki ɗauko mata labarin Habasha, shi ma wani kuskuren ne, don ya yi mata nisa. Ki tara ƙasa a tsakar gida, ki miƙa mata buta ta kwarara da hannunta. Da ta ga ruwan ya gangaro ja, ita za ta ba ki amsa. Ki daure ki yi shiru har ta faɗa, ko da bakinki na ƙaiƙayi.

Wasu suna sa yaro ya shuka ƙwallon mangwaro, kafin ya tsiro ya manta da ya shuka. Wake ya fi, cikin kwana huɗu zuwa biyar ya leƙo. A sami gwangwani biyu, ƙasa iri ɗaya, a ajiye su wuri ɗaya, a riƙa ba ɗaya ruwa a hana ɗayan. Abu ɗaya tak za a bambanta. In kika kai wannan inuwa kuma kika hana shi ruwa, yaron ba zai san wanne ya hana shi fitowa ba. A kuma ja kunnen yayyensa, don akwai mai tausayin da zai faki ido ya zuba wa busasshen ruwa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne dalilin ƙarya. Dukkanmu an ce mana bakan gizo ne ke shanye ruwan sama, wasunmu har suka yi gemu suna jin haushinsa. Alhali hasken rana ne ke ratsa ɗigon ruwa ya rarrabu launi-launi, shi ya sa aka fi ganinsa idan hadari ya fara yayewa rana ta fito. Da hantsi ki sa yaron ya ba rana baya, ki guntsi ruwa ki fesa a gabansa, zai ga ɗan ƙaramin bakan gizo. Ki juya shi ya fuskanci rana ki sake fesawa, sannan ki tambaye shi ina ya tafi.