Yadda Ake Auna Tasirin Manazarci ta Maƙalu da Ambato

Ambato shi ne wani manazarci ya kawo maƙalar wani cikin madogararsa. A fara da tantance maƙalun mutumin da za a auna, domin a nan aka fi tafka kuskure. Manazarta da yawa sunansu ɗaya, wani kuma yakan rubuta nasa iri biyu ko uku. A nemi lambarsa ta ORCID, wato lambar shaida ta manazarta mai alamomi 16, a bi ta kanta. Daga nan a zaɓi rumbun maƙalu na intanet guda a tsaya a kansa: Scopus na Elsevier, Web of Science na Clarivate, ko Google Scholar. Na ƙarshen ya fi ba da adadi mai yawa, saboda yana kwaso kundayen digiri da takardun taro, wani lokaci har ya ƙirga maƙala ɗaya sau biyu. Kwatanta mutum biyu da rumbu biyu awo ne da mudu biyu.

Sai lissafin ma'aunin h, wanda masanin fiziya Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. A jera maƙalun daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, a ba kowace lamba; h shi ne lambar maƙala ta ƙarshe da ambatonta ya kai lambarta ko ya wuce. Misali, maƙalu takwas masu ambato 40, 22, 15, 9, 6, 6, 3, 1. Ta shida tana da 6, ta bakwai 3 kacal, bai kai lambarta ba. To h ɗinsa 6 ne. Ma'aunin i10 na Google Scholar ya fi sauƙi: a ƙirga maƙalun da suka sami ambato 10 ko fiye, a nan uku.

Kafin a yarda da adadin, a cire ambaton da mutum ya yi wa kansa. Scopus yana da wurin yin haka. A raba h da yawan shekarun da ya yi tun maƙalarsa ta farko, don h ba ya raguwa, sau da yawa dattijo yana gaban matashi ko da ya daina aiki.

Babbar matsalar ita ce bambancin fanni. Masu binciken likitanci suna yawan wallafa da ambaton juna, masu lissafi kaɗan-kaɗan, masu tarihi kuwa littafi suka fi rubutawa, shi kuma rumbunan ba su cika kama shi ba. Saboda haka a duba FWCI na Scopus, ma'aunin da ke kwatanta ambato da na sauran maƙalun fannin, inda 1.0 ke nufin daidai da matsakaicin fannin.

Kada a ɗauki darajar mujalla a jingina wa marubuci. Sanarwar DORA ta 2012, wato sanarwar San Francisco kan yadda ake auna bincike, ta yi gargaɗi a kan wannan, domin 'yan maƙalu ƙalilan ne ke janyo wa mujalla yawancin ambatonta.

A ƙarshe a buɗe maƙalu uku ko biyar da suka fi samun ambato, a ga rawar da manazarcin ya taka idan marubutan suna da yawa, a kuma karanta abin da masu ambaton suka ce. Wasu suna ambato ne don ƙaryatawa, kuma maƙalar da aka janye takan ci gaba da tara ambato shekaru bayan janyewar.