Yadda za ka riƙe tsokoki a ka ba tare da hadda ba

Ƴan uwa masu karatun anatomi, wato ilimin sassan jiki, a Jami'ar Jos, dan Allah ku rage haddar teburin tsokoki, jikinku ya ishe ku littafi. Kowace tsoka tambaya 3 za ka yi mata, ina ta taso, ina ta kama, me take ja.

Fara da baisef, tsokar gaban damtse. Kai 2 gare ta, duka daga allon kafaɗa suke, ta sauko damtse ta kama ƙashin rediyus, na ɓangaren babban yatsa, ƙasa da gwiwar hannu, to ɗora yatsu a wajen ka ɗaga bokitin ruwa za ka ji ta kumbura, kuma ita ce mai juya tafin hannu sama, nan ne malamai ke kama mutane wallahi. Taraisef na bayan damtse, kai 3, ta kama tsinin gwiwar hannu, babban aikinta miƙe gwiwar hannu.

Sai sha-raɓa. Babbar tsokar daga ƙasan ƙashin cinya ta taso, jijiyar Akilis ta kai ta dunduniya, yi ɗage ka taɓa. Tunda tsokar ta tsallake gwiwa, har lanƙwasa gwiwar tana taimakawa.