Babi na 6: Yadda Ake Gane Cutar Cin Abinci

Darasi na ɗaya

Ku ɗora yatsa a kan layin farko, mu karanta tare a hankali. Wanda ya tsaya a wata kalma ya sake ta, ba laifi.

Akwai ciwon da ke hana mutum zaman lafiya da abinci. Ga abincin a gabansa, amma tsoro ko damuwa sun shiga tsakani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 mutum miliyan 14 ne ke fama da shi, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Yana kama maza, yana kama mata.

Likitoci sun fi ambaton iri uku. Na farko anoreksiya: mutum ya riƙa ƙin ci don tsoron ƙiba, ya duba madubi ya ga kansa da ƙiba alhali ya rame. Na biyu bulimiya: ya ci da yawa a zama ɗaya, sannan ya tilasta wa kansa amai, ko ya sha maganin wanke ciki, ko ya yi ta motsa jiki har ya galabaita. Na uku shi ne cin da ba a iya tsayarwa, sau da yawa a ɓoye, sai kunya ta biyo baya, amma babu amai.

Darasi na biyu

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Idan na tambaya, "Yaya za a gane mai wannan ciwo?" sai aji ya amsa, "Zai rame." A'a. Ku duba hali, kada ku tsaya ga jiki. Mai bulimiya sau da yawa jikinsa daidai yake. Mai ƙiba ma yana iya ɗauke da ciwon. Wani kuma ya rame saboda wata cuta dabam ko saboda rashi.

Mu maimaita: hali ake dubawa. Wane hali? Yana tashi zuwa banɗaki da zarar an gama ci. Yana cewa "na riga na ci" kullum, ba wanda ya gani. Ya daina ci cikin mutane. Yana hawa sikeli safe da yamma. Yana ɓoye abinci. In ya ci loma fiye da yadda ya tsara, ranar nan ba shi da sukuni.

Ku rufe littafin ku faɗa da baki. Madalla, wasunku sun kama. Amma har yanzu ina jin "rama" daga bayan aji. Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Wanda ke jiran sai ɗansa ya rame kafin ya kula, ya bar ciwon ya yi nisa. Ku sake karanta sakin layin da ke sama, da ƙarfi.

Jiki ma yana nuna wasu alamu: jiri, jin sanyi kullum, zubewar gashi, ɗaukewar jinin al'ada. Yawan amai yana cinye haƙora, yana kumbura kumatu, yana rage sinadarin fotasiyam a jini, wanda hakan kan rikita bugun zuciya har ya kai ga mutuwa.

Darasi na uku

Idan kun ga alamun, ku yi magana a keɓe, ba a kan abinci ba, ba kuma da faɗa ba. Ku ce, "Na ga kamar kana cikin damuwa." Kada ku yi ɗura. Ku raka shi wurin likita, ciwon yana da magani. In ya suma, a kai shi asibiti nan take.

Darasi na huɗu

Ku rubuta halaye uku daga darasi na biyu a littafin aiki. A kawo gobe.