Darasi na Tara: Idan Waya Ta Daina Karɓar Sabon Imel

Wani ya kira ya ce ya turo muku takarda ta imel tun da safe. Kun buɗe manhajar imel, kun duba sama, kun duba ƙasa, babu komai sai saƙonnin makon jiya. Daga nan mutane da yawa sukan ce waya ta lalace, wasu ma har su sa a goge duk abin da ke cikinta. Kada ku yi gaggawar haka. Mafi yawan lokuta wayar lafiyarta ƙalau, wani ɗan abu ne ya toshe hanya.

Inda saƙo yake sauka

Imel ba ya sauka a cikin waya kai tsaye. Yana fara sauka ne a manyan kwamfutocin kamfanin da kuka buɗe adireshi a wurinsa: Google idan Gmail ne, Microsoft idan Outlook ne. A can akwatinku yake. Ita waya 'yar aike ce kawai, takan je ta leƙa akwatin, ta kwafo abin da ta tarar. Saboda haka idan saƙo bai bayyana ba, ɗayan biyu ne. Ko dai bai shiga akwatin ba tun farko, ko kuma ya shiga amma ba a je an ɗauko shi ba. Sai an gane wanne ne kafin a taɓa komai.

Kafin nan, ku ɗora yatsa a tsakiyar jerin saƙonni, ku ja shi ƙasa a hankali, ku saki. Wani ɗan zobe zai fito a saman allo yana juyawa. Wannan umarni ne kuka ba wayar ta je ta duba yanzu. Idan zoben ya juya ya ɓace kuma sabon saƙo ya fito, magana ta ƙare. Idan ya yi ta juyawa bai tsaya ba, ku duba intanet.

Intanet

Ku dubi can saman allo. Idan akwai alamar ƙaramin jirgin sama, wayar ta yanke hulɗa da kowane layi, sai ku kashe alamar jirgin. Idan babu, ku buɗe burauza, kamar Chrome ko Safari, ku nemi wani shafi da ba ku taɓa buɗewa ba. In ya ƙi buɗewa, laifin ba na imel ba ne: data ce ta ƙare, ko sabis ya yi rauni, ko Wi-Fi ɗin da kuke kai ba ya ɗauke da intanet. Ku kashe Wi-Fi ku gwada da data, ko ku yi akasin haka.

Akwai wani tarko a nan. Wasu kamfanonin layi suna sayar da data wadda WhatsApp da Facebook kaɗai take buɗewa. Mutum sai ya ga hira tana tafiya, ya rantse yana da data, alhali imel ba ya cikin abin da ya saya.

Gwajin da ke raba gardama

Idan intanet tana aiki, ku bar manhajar imel, ku shiga akwatinku ta burauza. Masu Gmail su rubuta mail.google.com, su saka adireshi da kalmar sirri. Abin da kuka gani a nan shi ne ainihin abin da ke cikin akwatin, ba kwafin waya ba.

A ce saƙon ba ya nan. To wayar ba ta da laifi. Ku fara duba jakar da aka rubuta wa Spam, domin kamfanin yakan jefa saƙon da bai yarda da shi ba a ciki, kuma Gmail yana goge abin da ya kwana 30 a can. Ku duba ɓangaren tallace-tallace ma. In babu, ku roƙi wanda ya turo ya karanto muku adireshin da ya rubuta, harafi bayan harafi. Harafi ɗaya ya kauce, saƙo ya tafi wani wuri ko ya koma wa mai shi. Ku kuma tambaye shi girman abin da ya haɗo da saƙon, don Gmail ba ya aika abin da ya haura megabait 25 a jikin saƙo, kuma ba ya karɓar saƙon da ya haura megabait 50.

Sai kuma cikar akwati, wadda mutane ba su cika tunawa da ita ba. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, amma ba na imel kaɗai ba ne. Gmail da Google Drive da Google Photos duk daga wannan kason suke ci. Idan wayarku tana ɗora hotuna da bidiyo a Google Photos da kanta, wata rana wurin zai cika ba tare da kun rubuta wasiƙa ko ɗaya ba. Da zarar ya cika, sabon saƙo ba zai shigo ba, sai ya koma wa wanda ya aiko. Maganin shi ne a rage kaya, a fara da manyan bidiyo da saƙonni masu ɗauke da manyan takardu. Bayan an goge, a shiga kwandon shara a zubar da shi, domin abin da ke cikin kwando yana ci gaba da cin wuri har kwana 30. Saƙon da aka mayar lokacin da akwati yake cike kuwa, ku nemi a sake turo shi.

Idan saƙon yana cikin akwati, amma ba ya cikin waya

Yanzu kun san inda za ku sa ido. Ku kashe wayar gaba ɗaya, ku kunna ta, ku sake gwadawa. Wannan kaɗai yakan isa sau da yawa.

In bai isa ba, ku buɗe manhajar Gmail, ku danna layuka uku da ke kusurwar sama ta hagu, ku gangara zuwa saituna, ku zaɓi adireshinku. A wayoyin Android za ku ga wurin da aka rubuta Sync Gmail, da ɗan akwati a gefensa. Dole akwatin ya kasance da maki a ciki. Idan babu, an hana wayar zuwa ɗauko saƙo ke nan. A cikin saitunan wayar kanta, a ɓangaren asusu, akwai wani makunni makamancin wannan da ya shafi dukkan manhajoji, shi ma ya zama a kunne. Sunayen wuraren sukan ɗan bambanta tsakanin waya da waya, amma aikinsu ɗaya.

Tsarin tattalin batir shi ma yana hanawa. Idan caji ya yi ƙasa, waya takan tambaya ko a rage mata aiki, mu kuma mu danna amincewa mu manta. A iPhone wannan tambaya tana fitowa idan batir ya sauko kashi 20 cikin 100, kuma in an amince alamar batirin takan koma launin rawaya. Muddin tana rawaya, wayar tana rage zuwa ɗauko imel da kanta. Haka tsarin tattalin data na Android: yana hana manhajoji taɓa intanet in ba a buɗe su ba. Ku kashe su, ko ku cire manhajar imel daga cikin waɗanda aka taƙaita. Masu iPhone su kuma duba saitunan Mail, inda ake zaɓar yadda waya za ta riƙa dubawa: duk minti 15, duk minti 30, duk awa, ko sai an buɗe da hannu. Wanda ya bar ta a kan na ƙarshen ba zai ga komai ba sai ya shiga.

Ku duba kwanan wata da lokacin da wayar take nunawa. Idan sun kauce sosai, kwamfutar kamfanin da wayar ba za su amince da juna ba, sai haɗin ya yanke. Ku saita su a kan su riƙa daidaita kansu daga layi. Ku duba ma'ajiyar wayar ma, don idan ta cika maƙil babu inda za a ajiye sabon saƙo.

Shin kun canja kalmar sirri kwanan nan, a kwamfuta ko a wata waya? Wannan wayar tsohuwar kalmar take riƙe da ita, kuma za a yi ta korar ta har sai kun saka mata sabuwa.

Abin da za a bari sai ƙarshe

Idan duk wannan bai yi ba, ku sabunta manhajar daga Play Store ko App Store. Bayan haka, masu Android su shiga bayanan manhajar, ɓangaren ma'ajiya. Akwai maɓallai biyu kusa da juna, kuma a nan ake yin ɓarna. Wanda aka rubuta wa Clear cache tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, ba shi da haɗari. Ɗayan, mai share dukkan bayanai, yana iya tafiya da wasiƙar da kuka fara rubutawa ba ku aika ba, da saitunan da kuka yi. Ku tsaya a kan na farko.

Cire asusu daga waya a sake saka shi yana gyara matsala mai taurin kai, kuma saƙonni ba za su ɓace ba tunda suna can a akwati. Amma a ganina bai kamata kowa ya yi shi ba sai ya tabbatar da abu biyu: ya san kalmar sirrinsa da ka, kuma layin da ya yi rajista da shi yana hannunsa, domin ana iya turo lambar tantancewa ta can. Mutane da dama wani ne ya buɗe musu asusun, ba su taɓa riƙe kalmar ba. Irin wannan mutum in ya cire asusu, zai iya rasa hanyar komawa, kuma lambobin mutanensa da ke ajiye a asusun za su fita daga wayar tare da shi. Gwajin burauza da kuka yi ɗazu ya riga ya nuna muku ko kun san kalmar. In kun kai wa mai gyara, ku saka ta da hannunku, kada ku faɗa masa.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Mutum ɗaya ya karɓi wayar abokinsa da izininsa, ya kunna alamar jirgin sama ko ya cire makin Sync Gmail, ba tare da ya faɗi wanne ya taɓa ba. Sannan ya aika masa da gajeren imel daga tasa wayar. Mai wayar ya nemo abin da aka taɓa, yana faɗin kowane mataki da baki kafin ya danna. Idan saƙon ya shigo, sai ku yi musaya.