Kaifin hoto a cikin kyamara: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara

Kusan kowace kyamarar dijital tana da wurin da ake ƙara wa hoto kaifi ko a rage. Canon ta ajiye shi a ƙarƙashin Picture Style, Nikon a Picture Control, Sony kuma a Creative Style ko Creative Look. Da yawa daga masu ɗaukar hoto sun ɗauka wannan maɓalli yana fito da abin da ya ɓuya ne, kuma daga nan matsalar take farawa.

Abin da kyamara ke yi shi ne ta nemi iyakar da haske ya haɗu da duhu, ta ƙara wa ɓangaren haske haske, ta ƙara wa na duhu duhu. Ido sai ya ga kamar hoton ya fi fitowa tangaram, alhali ko zare ɗaya ba a ƙara ba. Dalilin yin haka kuwa yana cikin ƙirar sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a cikin kyamara. Yawancin sensa suna amfani da tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, aka yi masa rajistar mallaka a 1976, inda kowane ɗigo ke ganin launi ɗaya tak, ja ko kore ko shuɗi, sauran biyun kuma sai kyamara ta ƙiyasta su daga maƙwabta. Wannan ƙiyasi yana sa hoto ya ɗan yi laushi. Wasu kyamarori ma suna da wani siririn gilashi a gaban sensa da ke dusashe hoton da gangan don hana layukan bogi fitowa a kan yadi mai ƙananan zane. Ɗan kaifin da ake ƙarawa wannan laushin yake ramawa, iyakar aikinsa ke nan.

Kuskure mafi yawa shi ne kai saitin ƙarshe. A ƙaramin allon bayan kyamara hoton zai burge ka, amma ka buɗe shi a kwamfuta ka duba inda rufin gini ko reshen bishiya ya haɗu da sararin sama: za ka ga wani farin zare yana bin gefen abin kamar an zana da alli. Ganyaye su yi ƙarau-ƙarau, gashi ya koma kamar waya. Idan JPEG ka ɗauka, wato fayil ɗin hoton da kyamara ta gama sarrafawa, wannan zaren ya zauna ke nan, domin an riga an gasa shi cikin fayil ɗin. Hoto mai laushi ana iya ƙara masa kaifi daga baya a cikin minti ɗaya, wanda aka cika wa kaifi kuwa sai dai haƙuri. Saboda haka ka tsaya a tsakiya ko ƙasa kaɗan. A Canon ƙarfin kaifin yana tafiya daga 0 zuwa 7, kuma ni dai ban cika wuce 3 ba.

Sai masu neman saitin ya gyara musu hoton da ya fito dishi-dishi. Ba zai iya ba. In hannu ya girgiza, ko saitin ido, wato focus, ya sauka a kan kunne maimakon ƙwayar ido, kaifi zai ƙara bayyana aibin ne kawai. Maganin yana wajen ɗauka: da gilashin kyamara (lens) mai 200mm a hannu, kada gudun ɗauka ya yi ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, sai fa in akwai mai hana girgiza ko ƙafar ɗora kyamara. Haka kuma matse ƙofar haske zuwa f/22 yana sa hoto laushi, f/8 ya fi ba da kaifi na gaskiya a mafi yawan gilasai.

Da dare ko a cikin ɗaki, idan ISO, wato ma'aunin saurin jin haske na kyamara, ya haura 3200 ko 6400, ɗige-ɗige kan cika wuraren duhu. Kyamara ba ta bambance ɗigon datti da ainihin abin da ka ɗauka, duka take kaifafawa. Rage kaifin a irin wannan yanayi. Sababbin kyamarorin Canon suna da ƙarin saiti biyu, Fineness da Threshold, kowanne daga 1 zuwa 5, kuma ɗaga Threshold yana sa kyamara ta ƙyale wurare masu santsi kamar sama da bango.

Fuska ma haka. Saitin Landscape an yi shi ne don duwatsu da itatuwa, in ka manta shi a kunne ka ɗauki mutum, duk wani ƙurji da tabo da ramin gashi sai ya fito fili. Mai hoton ba zai gode maka ba.

Masu ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, suna da nasu ruɗanin, kuma ta fuska biyu. Wasu suna ɓata lokaci kan saitin, alhali bai taɓa ainihin bayanan RAW ba, alama ce kawai da ake liƙa wa fayil ɗin, wadda manhajar kamfanin irin su Digital Photo Professional ko NX Studio ke karantawa. Wasu kuma suna cewa tunda RAW ne, ba ruwansu da shi. Akwai ruwansu. Hoton da kake gani a bayan kyamara ƙaramin JPEG ne da aka cusa cikin RAW ɗin, kuma da saitinka aka sarrafa shi. In kaifin ya yi yawa, sai ya ruɗe ka ka ɗauka saitin ido ya zauna daidai, sai ka koma gida ka tarar ya kauce.

A bidiyo abin ya fi muni, domin farin zaren yana rawa idan kyamara ta motsa, shi ya sa masu aiki da Sony da dama suke mayar da Detail, saitin kaifin bidiyo, zuwa -7 su ƙara kaifin wajen tacewa.

In kana son sanin lambar da ta dace da kyamararka, ɗora ta a kan ƙafa, ka ɗauki abu ɗaya mai gefe mai duhu a gaban sama, sau ɗaya a kowace lamba. Buɗe hotunan a babban allo, ka faɗaɗa su zuwa kashi 100. Lambar da farin zare ya fara leƙowa, sai ka koma baya da mataki ɗaya.