Yadda za ka kai ROUND na Excel cikin Python lissafi bai karkace ba

In kana da fomula irin =ROUND(A1,2) a Excel kana so ka mayar da ita Python, don Allah kar ka yi saurin rubuta round kawai, ba aiki ɗaya suke yi ba. Excel in lamba ta tsaya a rabi cif nesa da sifili take tura ta, 2.5 ya koma 3, -2.5 ya koma -3, amma Python 3 lambar da ke rabuwa biyu take zaɓa, shi ya sa round(2.5) ke ba da 2. Ga wata kuma, round(2.675, 2) zai ba ka 2.67 saboda abin da kwamfuta ta ajiye ya ɗan gaza 2.675, kuma in albashin mutane kake lissafawa wannan kwabo ɗin sai ya taru ya zama rigima.

To ga abin yi:

from decimal import Decimal, ROUND_HALF_UP
Decimal("2.675").quantize(Decimal("0.01"), rounding=ROUND_HALF_UP)

Wannan 2.68 zai ba ka kamar Excel. Amma fa ka sa lambar cikin alamar zance, in ba haka ba matsalar na nan.

In ROUNDUP ne a Excel sai ka sa ROUND_UP a madadin ROUND_HALF_UP, ROUNDDOWN kuma ROUND_DOWN. INT na Excel kuwa math.floor ne daidai da shi, don int(-2.5) a Python -2 ne, Excel kuma -3.